Igiyar Bi Tima Mai Ƙin Ƙulli

Kafin masunta su gama kurɓar gahawar safe, Bi Tima Famau ta riga ta zaga jiragen Kizuwani da ke zube a bakin yashi. Ba ruwanta da katako ko fenti. Bayan jirgi take nufa, wajen turken da ake naɗa demani, igiyar nan da ke riƙe da kusurwar filafili, wadda da ita matuƙi ke tare iska ko ya ba ta hanya. Ta shafa igiyar da yatsu. Ta lanƙwasa ta a gefen kunne, ta saurara ko zare ya fara karyewa daga ciki. In ta ga inda igiya ta yi gwiwa, alamar an ƙulla ta jiya a kan ruwa, to mai jirgin ba zai karya kumallo cikin kwanciyar hankali ba, don har ƙofar gida za ta bi shi. Daga nan sai ta koma inuwar katangarta, ta miƙe ƙafa, ta ɗora zaren ɓawon kwakwa a cinya, ta hau tufka har rana ta take tsaka. Haka muka taso muka gan ta, haka kuma iyayenmu suka ce sun gan ta.

Bana ta ajiye aikin. Ba don ranta ya so ba. Yatsun ne suka kumbura suka karkace, har ɗaurin zane sai an taya ta. Ba a yi mata taro ba. Garin da ke iya dafa shinkafar kwakwa tukunya-tukunya don jirginsa ya ci tseren ruwa, ya kasa cika tabarma ɗaya da mutanen da za su ce wa wannan baiwar Allah sannu.

Igiyarta ba ta da kyan gani. Ja-ja ce, ga kaushi, ga warin man kifi. Abin da ya raba ta da sauran yana wajen wutsiya. Sashen da zai zo hannun matuƙi takan ninka masa zare, ta kitse shi tam, ta shayar da shi mai har ya yi tauri. Zai zagaya turke lafiya lau, amma ba zai lanƙwasu ya shiga cikin kansa ba. Ko ƙato ya wuni yana kokawa da shi, ƙulli ba zai zauna ba. Dole mutum ya riƙe da hannu tun daga tashi har sauka. Shi ya sa ba ta yarda a sayi demani a wurinta a tafi da ita. Sai ta je jirgin da ƙafarta, ta auna tsakanin kusurwar filafili da turke, don kada sashe mai laushi ya kai baya wani mai wayo ya samu wurin ƙulli. Sannan ta ce wa wanda zai riƙe, "Miƙo tafinka." Kaurin igiya sai ya dace da hannun mai ita. In ta yi siriri ta yanka, in ta yi kauri ta kuɓuce.

Duk wanda ya taɓa ratsa mashigin da ke tsakaninmu da Tewani a lokacin kusi, sa'ad da iskar kudu ke kan ganiyarta, ya san dalili. Iskar takan zo a dunƙule ta bayan tsibiri, ba sallama. Tsakanin ta bugi filafili da jirgi ya kife, mutum bai gama bismilla ba. Mai riƙe da hannu, yatsu kawai zai buɗe. Mai ƙulli kuwa sai ya sunkuya, ya lalubi bakin igiya, ya tarar iska ta ja ƙullin ya zama dutse.

Mun san wannan. Har mai tuyar mahamri, fanken nan namu, da ba ta taɓa taka jirgi ba ta sani. Amma je ka bakin ruwa ka duba. Shuɗiyar igiyar roba ta kasuwa ta cika jiragenmu, mai santsi, mai sheƙi, wadda ba ta zama a turke sai da ƙulli. Ba laifin igiyar ba ne, tana da inda take da amfani, a ɗaure anga da ita, a ɗaure jaki. Laifin namu ne. Muna son hannu ɗaya ya huta don a kunna taba, a amsa waya. Mutum ya ɗaure ƙulli da hannunsa, sannan ya ɗaga kai sama ya ce Allah ya kiyaye. In jirgi ya kife a shimfiɗa tabarmi, a ce kwana ne ya ƙare, a ci wake da kwakwa, a watse. Ba mai tambayar yadda aka tarar da turken. Wannan ba tawakkali ba ne, lalaci ne muka naɗa wa rawani.

Baba Obo, tsohon nahoda da ya bar tuƙi ya koma sayar da gahawa a bakin gaɓa, shi ya san mafarin abin. Ya ce Bi Tima tana budurwa ruwa ya turo wani jirgin baƙi a kife. Ba ta san kowa a cikinsa ba, ba a ma samu kowa ba. Da maza suka birkice shi, sai ga demani ɗaure a turke.

"Ƙulli ne na gwani," in ji Baba Obo. "Mu muna ta yaba wanda ya ɗaure, ita kuwa ta tsaya tana kallonsa kamar ta ga maciji a shimfiɗa. Tun daga ranar ba mu sake hutawa a garin nan ba."

Matuƙa suka sa mata suna Mai-hana-taba. Ta ji, ta amsa.

Ke ce, Bi Tima, wadda aka yi wa dariya a majalisa aka kuma kwana lafiya saboda ita. Ke ce kika gane cewa wa'azi ba ya ratsa hannun da ya gaji, sai kika zuba wa'azin a cikin igiyar kanta. Da yawa daga cikin dattawan da ke gyara zama a sahun gaba yau, wutsiyar demaninki ce ta dawo da su, ba su ma san ranar ba.

Abin da ya faru ranar bikin Tewani kuwa, a tsakiyar kusin bana, rabin gari ya gani.

Bwanadi, mijin 'yarta Esha, shi zai ɗebi matan unguwa a jirginsa. Bi Tima ba za ta ba, jiki ba ya bari, rakiya kawai ta fito. Mata sun cika bakin ruwa da turare da tukwane da farantan alewa. Ita kuwa idonta ya wuce su duka, ya sauka a bayan jirgi.

"Nahoda, wannan shuɗin fa?"

Bwanadi ya sunkuyar da kai yadda suruki kan yi. "Mama, taki ta tsufa, ke ma kin gani. Na dubi hannun naki, na ce kada in ɗora miki wahala."

"Ka kyauta. Da me za ka tsayar da ita a turke?"

"Zan riƙe."

"Za ka riƙe. Jiƙaƙƙiyar roba, da iskar yau." Ta juya ta dubi kudu, inda gefen sama ya fara yin toka-toka. "Ba za ka kai tsakiyar mashigi ba hannunka zai gaji, ka ce bari in ɗan ƙulla kafin in huta."

Bi Zuhura, ƙawarta tun ƙuruciya, wadda ita ce uwar tafiyar, ta riga ta zauna a jirgi da faranti a cinya. "Tima, don girman Allah ki bar mu mu tafi. Ruwa na janyewa. So kike amarya ta tsufa a ɗaki? Ke dai ba ki taɓa barin abu ya wuce ba. Marigayi mijinki ma da igiya kika riƙe shi."

"Da hannu na riƙe shi, ban ƙulla ba. Ke da kika ƙulla naki, ina yake?"

Mata suka kwashe da dariya, har Bi Zuhura. Bi Tima ba ta yi ba. Ta taka a hankali ta je ta zauna a kan igiyar anga, ta ce wa Esha ta je ɗakinta, bayan ƙofa, akwai abu rataye.

Demani ce sabuwa. Ba wanda ya san tana tufka ta. Tun kafin kusi ta fara, kaɗan-kaɗan, ranar da yatsu suka yarda, ranar da suka ƙi ta bari. Ta jirgin Bwanadi ce, don ta ga tsufan tsohuwar tun shi bai gani ba.

Aka sauke kusurwar filafili. Ta zaro ɗan ƙahon da take buɗe bakin zare da shi, za ta saƙa kan igiyar a jikin kusurwa kamar yadda ta saba. Ta sa ƙaho, ya goce. Ta sake, ya goce. Da ta matsa da ƙarfi sai ya suɓuce ya faɗa cikin ruwa. Ba a taɓa ganin ƙahon nan a ƙasa ba. Ta tsaya tana duban yatsunta, ruwa kuwa na ta ja da baya, cikin jirgi ya fara gugar yashi.

"Esha, ɗauko. Zo ki zauna nan."

"Mama, lallen jiya ne fa."

"Lalle ba ya iyo. Zauna."

Esha ta tattare zanen biki ta durƙusa a jiƙaƙƙen yashi.

"Buɗe nan. Ta ƙarƙashi, ba ta sama ba. Ja. Wannan ja ne? Ja kamar kina jin haushin mijinki."

"Ai ina ji," in ji Esha, ta ja har zanen lallen ya ɗaye a yatsa.

Da aka gama, Bi Tima ta ja igiyar zuwa baya ta gwada ta da turke, ta ce wa Bwanadi, "Miƙo tafinka."

"Mama, kin san shi ai."

"Na san na bara."

Ya miƙa. Ta ɗora masa wutsiyar, ta rufe yatsunsa a kai da karkatattun nata. Maza suka sa kafaɗa suka tura, jirgi ya ja ciki a yashi da ƙyar ya samu ruwa. Filafili ya sha iska, guɗa ta tashi, suka tafi.

Sai da suka yi nisa Bi Tima ta tuna abin da idonta ya gani bai gaya mata ba. Shuɗiyar igiyar da aka kwance, Bwanadi bai jefo ta gaɓa ba. Ƙarƙashin benci ya tura ta.

Ba ta koma gida ba. Ta hau tsohuwar katangar bakin ruwa ta tsaya kusa da tukunyar Baba Obo. Mutane suka watse, ita tana nan. Abu biyu ke cin ta. In Bwanadi ya sha kwanar tsibiri ya mayar da shuɗiyarsa, to duk abin da ta yi da safen nan wasan yara ne. In kuma ya bar tata, saƙar kan ta Esha ce, hannun da bai taɓa yi ba, ita kuwa ba ta da ƙarfin da za ta ja ta gwada. In saƙar ta warware, filafili zai tashi ya bar su ba abin tuƙi, ruwa ya kai su kan duwatsun Tewani. 'Yarta na ciki. Ƙawarta na ciki. Kusan kowane gida a unguwa akwai tasa a ciki.

"Zauna mana, Mai-hana-taba," in ji Baba Obo. "Tsayuwarki ba za ta ƙara wa igiya zare ba."

"Na ga ya tura ta ƙarƙashin benci, Obo."

"Yaron kirki ne."

"'Yan kirki ma hannunsu na gajiya."

Ya zuba mata gahawa. Ta karɓa, ta mayar masa ba ta kurɓa ba.

Filafilin ya zama ɗan fari can a tsakiyar mashigi sa'ad da fuskar ruwa ta yi baƙi daga kudu. Baƙin ya taho a guje. Duk wanda ke gaɓa ya bar abin da yake yi. Suka ga farin ya karkata, ya ƙara karkata, sai ruwan sama ya sauko ya rufe komai.

Daga gaɓa ba a iya bambanta jirgin da ya saki igiya da wanda ya kwanta. Fari ne kawai ya ɓace. Masu waya suka hau kira, kowa ya san a tsakiyar mashigi ba ta shiga, amma aka yi ta kira. Wani tsoho wanda matarsa ke cikin jirgin ya fara salati a hankali. Samari suka ruga wajen jirgin inji, suka tarar ruwa ya janye ya bar shi a kan tabo. Wata mata ta zo ta tsaya kusa da Bi Tima, ta buɗe baki, ta dubi fuskarta, ta fasa. Yatsun Bi Tima da ba sa miƙewa suna ta buɗewa suna rufewa a gefen zanenta.

Ruwan ya daɗe kafin ya wuce. Da ya yaye, ba a ga fari ba. Sai Baba Obo, da ya fi kowa sanin inda ake duba, ya nuna can ƙasa da inda kowa ke kallo.

"Ga itacen filafili a tsaye."

Jirgi na nan a kan cikinsa, filafili na ta kaɗawa a sake kamar shanya. Aka ga abubuwa na walƙiya a gefensa, daga baya aka ji tukwanen biki ne, mata ke kwashe ruwa da su. Can sai kusurwar ta dawo baya a hankali, farin ya cika, ya nufi Tewani. Saƙar Esha ta riƙe.

Bi Tima ta sauko daga katanga ta zauna a yashi. Ta ce wa Baba Obo yanzu ya zuba.

Washegari suka dawo. Bi Zuhura ta sauko tana faɗa, wai alewar biki ta sha gishiri, an kai wa dangin ango abin kunya, amma da ta iso wajen ƙawarta sai ta rungume ta ta ƙi saki. Bwanadi ya zo hannu a naɗe da tsumman zanen matarsa.

"Mama, igiyarki ta cinye mini fata."

"Fata na tsirowa. Ina shuɗiyar?"

"Na bar wa masu jakin Tewani."

Sauran zancen a wurin gahawa ya faɗe shi, ba a gabanta ba. Ya ce kafin iskar ta zo hannunsa ya mutu murus, mata na waƙa, ruwa lafiya, sai ya ce bari ya ɗan ƙulla.

"Na gwada, Baba. Na sake gwadawa. Ta ƙi. Ina cikin zaginta a zuci iska ta buge mu."

To, ga inda hankalinmu ya kamata ya tashi. Tun daga ranar matuƙa ke sintiri a ƙofar Bi Tima, har da waɗanda suka raɗa mata suna. Kowa na son demani mai ƙin ƙulli. Babu. Ta Bwanadi ce ta ƙarshe. Kuma ba abu ne da za a tashi gobe a yi ba, don ɓawon kwakwa sai an binne shi a tabon gaɓa ya yi watanni yana jiƙa kafin a daka a fitar da zare, bana kuwa ba wanda ya binne ko ɗaya. Esha ba ta ce za ta gaji uwarta ba, ba kuma wanda ke da bakin tilasta mata. Kusi bai ƙare ba. Sauran jiragenmu na fita kullum da 'ya'yanmu da iyayenmu, da shuɗi a turke. Mun yi shekaru muna barin mace ɗaya ta ɗauke mana tsoron da ya kamata kowa ya ɗauki rabonsa, har hannunta ya mutu a kai, yanzu kuma muna tsaye a ƙofarta muna mamakin ba ta da saura.

Mun gode, Bi Tima, uwar demani. Mun gode da safiyoyin da kika hana mu karin kumallo. Mun gode da fatar hannun da igiyarki ta ci. Allah ya sassauta miki ciwon yatsu, ya saka miki da abin da garin nan ya kasa.

Ku kuma masu sintiri, ku daina tambayarta igiya. Ta riga ta ba ku amsa, a gaban mutane, ranar da nahodan da ya fi kowa yi mata dariya ya zo yana roƙo. Ta dube shi, ta dubi hannunsa, ta ce, "Igiya ta ƙare. Amma kai kana da yatsu, ni ina da baki. In da gaske kake, samo ɓawon kwakwa da fartanya ka zo."

Har yau bai zo ba. Wanda ya riga shi, za ta karɓe shi.